Ranar da Zaki Ke Shiga Laburare

Tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu na kowace shekara, gwargwadon yadda wata ya kama, Sinawa ke shiga sabuwar shekararsu. A 2025 ranar ta faɗo 29 ga Janairu, a 2026 kuma 17 ga Fabrairu. A makonnin da ke kewaye da ita, ɗakunan karatu na jama'a a biranen Amurka da dama, daga San Francisco zuwa New York, sukan janye tebura gefe su buɗe ƙofa ga iyalai. Yara na yanka jar takarda suna haɗa fitila. Wani dattijo na nuna musu yadda ake riƙe alƙalamin gashi a rubuta harafin da ke nufin alheri. Ma'aikaciyar sashen yara na karanta tatsuniya da harsuna biyu. Can zuwa ƙarshe sai a buga ganga, matasa biyu su shigo cikin rigar zaki, ɗaya a kai ɗaya a wutsiya, suna taka rawa tsakanin kantocin littattafai. Ba a karɓar ko sisi a ƙofa.

Wannan al'amari yana da masu suka, kuma sukarsu iri uku ce. Wasu na cewa laburare wurin shiru ne, kiɗa da rawa ba aikinsa ba ne, balle a kashe musu kuɗin haraji. Wasu na cewa bikin na da tushe a bautar gargajiya, don haka bai dace da ginin gwamnati ba. Wasu kuma na cewa farfagandar Beijing ce ta shigo ta ƙofar yara. Akwai kuma rukuni na huɗu da ba ya suka, hasali ma shi ne kan gaba wajen rataya fitilu, amma ɓarnarsa ba ta gaza ta masu sukar ba: masu gudanar da laburaren da suka ɗauki bikin ado na yini guda, su ɗauki hoto su sa a rahoton shekara, washegari su koma kamar Sinawa ba su taɓa zama a unguwar ba. Dukkan rukunan huɗu sun yi tarayya a kuskure guda. Suna ɗaukar bikin a matsayin alfarma da mai gida ke yi wa baƙo. Gaskiyar magana, haƙƙi ne na mutanen da ginin nasu ne, kuma haƙƙi, in an tashi biyansa, cikakke ake biya.

Bukukuwan da ake magana a kansu

Kalandar gargajiya ta Sinawa tana bin wata, amma ba ta sakin rana. Watanninta na farawa da sabon wata, sai dai kusan duk bayan shekara uku akan ƙara wata na goma sha uku, sau bakwai ke nan a cikin shekara 19, domin bukukuwa su tsaya a yanayinsu. Abin da ya bambanta ta da kalandar Hijira ke nan, wadda azumi da salla ke zagaya shekara a cikinta. Sabuwar shekarar Sinawa kullum tana zuwa a ƙarshen sanyi, shi ya sa a ƙasar Sin ake kiranta bikin bazara.

Kwana 15 ake yi ana shagalinta. Kafin ta zo akan share gida, a biya bashi, a liƙa jajayen takardu masu ɗauke da fatan alheri a bakin ƙofa. Daren jajibiri dangi kan taru a ci abinci tare, kuma wannan walima ita ce zuciyar bikin. Manya kan ba yara kuɗi a cikin jan ambulan, abin da Bahaushe zai gane nan take da goron salla. Rana ta goma sha biyar, da wata ya cika, sai a rufe da bikin fitilu. Kowace shekara na ɗauke da sunan ɗaya daga cikin dabbobi 12 da ke juyawa: 2025 ta maciji ce, 2026 ta doki.

Bayan wannan akwai wasu uku da ke da girma. Qingming na zuwa a farkon Afrilu, ranar ziyartar kaburburan iyaye da share su. Duanwu na zuwa ranar biyar ga wata na biyar, ana tseren dogayen kwale-kwale, ana cin shinkafa mai danƙo da aka naɗe a ganye, don tunawa da Qu Yuan, mawaƙi kuma bafade, wanda tarihi ya ce ya jefa kansa a kogi a shekara ta 278 kafin haihuwar Annabi Isa, saboda baƙin cikin faɗuwar ƙasarsa. Sai bikin tsakiyar kaka, ranar 15 ga wata na takwas, inda iyali ke zama a kalli cikakken wata, a ci wani kek mai da'ira, a ba yara labarin Chang'e, matar da tatsuniya ta ce tana zaune a duniyar wata. Hukumar UNESCO ta sa Duanwu cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada a 2009, ta ƙara da bikin bazara a Disambar 2024.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bukukuwa labari ne, da waƙa, da rubutu, da lissafin kwanan wata. Wato kayan aikin laburare ne tun asali.

Baƙon da ya shekara 170

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, da hantsi ya yi sai ya gushe. Matsalar Sinawan Amurka ita ce har yau wasu na kallonsu a matsayin raɓa, alhali kakanninsu sun riga kakannin masu kallon sauka a ƙasar. A 1852 kaɗai Sinawa kimanin 20,000 suka isa Kalifoniya neman zinari, akasarinsu daga lardin Guangdong. A wannan shekarar ce jihar ta ɗora harajin dala 3 a wata a kan baƙin masu haƙar zinari, kuma Sinawa ne suka fi ɗaukar nauyinsa. Shekara biyu bayan haka, kotun ƙolin jihar ta yanke cewa ba a karɓar shaidar Basine a kan farar fata. Ga haraji ana karɓa, ga bakin mai biya an ɗinke.

Su ne mafi yawan leburorin da suka fasa duwatsun Sierra Nevada suka shimfiɗa ɓangaren yamma na layin dogon da ya haɗa gabas da yammacin Amurka, wanda aka kammala a 1869. Ladan da suka samu shi ne kisan gilla a Los Angeles a 1871, da wani a Rock Springs ta jihar Wyoming a 1885, inda aka kashe aƙalla mutum 28. Ranar 6 ga Mayun 1882 Shugaba Chester Arthur ya sa hannu a dokar hana leburorin Sinawa shiga ƙasar, wadda ta kuma haramta wa waɗanda ke ciki zama 'yan ƙasa. Ba a soke ta ba sai 1943, kuma ko a lokacin mutum 105 kacal aka yarje wa shiga a shekara. Sai da dokar shige da fice ta 1965 ta zo ƙofa ta buɗe sosai. A yau Amurkawa 'yan asalin Sin sun haura miliyan 5.

Abin da ya fi shafar laburare a wannan tarihi shi ne labarin yara. Daga 1871 zuwa 1885 birnin San Francisco bai tanadar wa 'ya'yan Sinawa makarantar gwamnati ba, ko da yake iyayensu na biyan haraji. A 1884 aka hana wata yarinya 'yar shekara takwas, Mamie Tape, wadda aka haifa a birnin, shiga makarantar unguwarsu. Iyayenta suka kai ƙara, suka yi nasara a kotun ƙolin jihar a 1885, sai hukumomi suka yi wuf suka buɗe makaranta ta daban don Sinawa, domin kada yarinyar ta zauna aji ɗaya da fararen yara. A 1927 kotun ƙolin Amurka ta amince wa jihar Mississippi ta hana wata yarinyar, Martha Lum, shiga makarantar farare.

Laburare ma ba shi da hannu mai tsabta a sha'anin wariya. A kudancin Amurka an daɗe ana hana baƙaƙen fata shiga ɗakunan karatun da aka gina da kuɗin kowa. A 1961 an kama ɗalibai tara na kwalejin Tougaloo a birnin Jackson saboda sun zauna suna karatu a laburaren farare. Saboda haka tambayar wane ne ke da ikon jin cewa ginin gwamnati nasa ne tsohuwar tambaya ce a ƙasar, kuma an sha ba da mummunar amsa. Wanda duk ya ga yaro Basine yana haɗa fitila a ɗakin karatun unguwarsa ya ce an wuce gona da iri, ya kamata ya fara sanin a gonar wa yake tsaye.

Batun shiru da kuɗin haraji

Masu cewa biki ba aikin laburare ba ne suna kare wani laburare da bai taɓa wanzuwa ba. Attajiri Andrew Carnegie ya ba da kuɗin gina ɗakunan karatu 1,689 a Amurka, kuma da yawa daga cikinsu an gina su da zauren taro, domin lacca da tarukan unguwa. Sa'ar tatsuniya ga yara ta haura shekara ɗari a laburaren Amurka. Anne Carroll Moore, wadda ta fara jagorancin sashen yara na laburaren New York a 1906, ta yi suna wajen raya ranakun bukukuwan ƙasashen da yaran baƙin haure suka fito. Pura Belpré, 'yar Puerto Rico ta farko da ta yi aikin laburare a birnin, wadda ta fara a 1921, ta shigo da tatsuniya cikin Sifaniyanci da Turanci, ta kuma shirya bikin sarakuna uku da mutanenta ke yi a watan Janairu. A yau akwai lambar yabo ta littattafan yara mai ɗauke da sunanta. Abin da aka yaba wa Belpré a kai shi ne ake yi wa ma'aikatan yau gori a kansa.

Dalilin da ya sa waɗannan mata suka yi haka dalili ne na sana'a. Littafin da ke kan kanta ba ya kiran kowa. Kakar da ba ta jin Turanci, wadda ta fito daga inda ofishin gwamnati abin tsoro ne, ba za ta taka ƙafa a babban gini mai tambarin hukuma ba sai da dalili. Bikin sabuwar shekara shi ne dalilin. Ta zo ne don jikanta ya ga zaki, amma a hanyar fita za ta ga jaridar Sinanci a kan tebur, ta ga sanarwar ajin koyon Turanci kyauta, ta ji cewa katin aron littafi ba a sayar da shi. Kiɗan sa'a guda a shekara shi ne farashin wannan, kuma mai neman shiru yana da sauran kwanakin shekara baki ɗaya.

Game da kuɗi kuwa, akasarin abin da ake tafiyar da laburaren jama'a a Amurka da shi daga harajin gari da na gunduma yake fitowa. Mai gidan abinci a Flushing yana biya. Mai wanki da guga a Oakland yana biya. Wanda ke haya ma yana biya, domin mai gida kan zuba harajin gini a cikin kuɗin haya. Ba wanda ke tambayar dalilin sa bishiyar Kirsimeti a zauren laburare, ko raba wa yara takardun fenti masu hoton kabewa a ƙarshen Oktoba. Ana ganin waɗannan kamar iska, ba su da launi. Sai al'adar wani ta shigo ne ake tuna cewa akwai kasafin kuɗi.

Batun addini

Wannan suka ta fi ta farko nauyi, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Lalle akwai ibadar gargajiya a cikin bukukuwan nan. Iyalai da yawa kan ƙona turare, su ajiye abinci a gaban allunan sunayen kakanni, wasu kan yi hadaya ga abin bautar da suke ɗauka mai tsaron murhu ne. Amma a gida ake yin wannan, ko a wurin bauta. Abin da ke shiga laburare shi ne labari, da zane, da rubutu, da kiɗa. Dokar Amurka ta san wannan bambanci. A hukuncin 1963 da ya hana karatun Baibul na ibada a makarantun gwamnati, kotun ƙoli ta bayyana cewa koyar da ilimi game da addini halal ne a tsarin mulki, sa mutane ibada ne haramun. Bugu da ƙari, Sinawa Kiristoci da waɗanda ba su bin kowane addini duk suna bikin sabuwar shekara, domin ga mafi yawansu ranar zumunci ce.

Mai wannan suka ya kamata ya duba inda hujjarsa za ta kai shi. Ƙofar da zakin Sinawa ya shigo ta ita ce labaran Ramadan da na salla ke shigowa, ita ce Diwali ta Indiyawa da Hanukkah ta Yahudawa ke bi. A 2015 birnin New York ya ayyana ranakun salla biyu a matsayin hutun makarantun gwamnati, kuma cikin wannan shekarar ya ƙara da sabuwar shekarar Sinawa, aka fara hutunta a 2016. Ba haɗuwar sa'a ba ce: al'ummomin sun nemi abu iri ɗaya a lokaci ɗaya, da hujja iri ɗaya. Iyalan Musulmin Afirka ta Yamma da ke unguwar Bronx, ciki har da masu jin Hausa daga zangunan Ghana, suna cin moriyar ƙa'idar nan. Duk wanda ya taimaka aka rufe wa Sinawa ƙofa, to da hannunsa ya saƙa igiyar da za a ɗaure tasa ƙofar.

Batun Beijing

A nan ma akwai gaskiya a bakin masu suka. Gwamnatin Sin na amfani da al'ada don gyara sunanta a duniya, kamar yadda manyan ƙasashe ke yi. Daga 2004 ta fara kafa cibiyoyin Confucius a jami'o'in ƙasashen waje, har suka kai kusan ɗari a Amurka, kafin a rufe akasarinsu bayan 2018 sakamakon matsin lambar 'yan majalisa. Ofisoshin jakadancinta kan ɗauki nauyin wasannin sabuwar shekara, kuma babban laburaren Shanghai na da shirin raba kyautar littattafai ga ɗakunan karatu na ƙetare. Ba laifi ba ne ma'aikacin laburare ya tambayi wanda ya kawo kyauta abin da yake so a madadinta.

Sai dai cewa bikin kansa na Beijing ne jahilci ne da tarihi ke ƙaryatawa. Jam'iyyar Kwaminis an kafa ta a 1921, ta hau mulki a 1949, bukukuwan kuwa sun girme ta da ƙarnoni masu yawa. Abin da ya fi haka, gwamnatocin Sin sun sha yaƙar bikin. A ƙarshen shekarun 1920 gwamnatin 'yan kishin ƙasa ta Kuomintang ta yi yunƙurin soke tsohuwar kalanda da shagulgulanta, da sunan zamani, talakawa suka yi kunnen ƙashi har ta haƙura. A 1967, ana tsakiyar juyin al'adu na Mao Zedong, gwamnati ta soke hutun bikin bazara, ta umarci ma'aikata su ci gaba da aiki, kuma hutun bai dawo ba sai wajen 1980. Qingming da Duanwu da bikin tsakiyar kaka ba su zama ranakun hutu a ƙasar ba sai 2008. A duk tsawon shekarun nan, Sinawan San Francisco da New York ba su fasa bikinsu ba. Faretin zamani na San Francisco ma an tsara shi ne a 1953, ana cikin yaƙin cacar baka, kuma 'yan kasuwar unguwar sun shirya shi ne don nuna wa maƙwabta cewa su Amurkawa ne, ba 'yan kwaminis ba.

A duba waɗanda ke zaune a kan kujerun yara a irin wannan taro. Akwai jikokin mutanen Taishan da suka zo tun ƙarni na 19. Akwai 'yan Taiwan, da 'yan Hong Kong, da Sinawan Vietnam da suka tsere cikin kwale-kwale a ƙarshen shekarun 1970, da waɗanda suka bar ƙasar bayan abin da ya faru a dandalin Tiananmen a 1989. Da yawansu gudun wannan gwamnati suka yi. A ce musu bikin kakanninsu farfagandar gwamnatin ce, an mallaka wa Beijing abin da ta kasa ƙwacewa da ƙarfi.

Irin wannan zargi yana da illa ta zahiri. Daga Maris ɗin 2020 zuwa Fabrairun 2021, lokacin annobar korona, ƙungiyar Stop AAPI Hate ta karɓi rahoton cin zarafin 'yan asalin Asiya kusan 3,800. A Maris ɗin 2021 aka harbe mutum takwas a yankin Atlanta, shida daga cikinsu mata ne 'yan asalin Asiya. Yaron da ya taɓa zama kusa da ɗan ajinsu yana koyon rubuta harafi guda na Sinanci ba zai zama waliyyi saboda haka ba, amma zai yi wuya a shawo kansa cewa maƙwabcinsa cuta ce. In kuwa tsoron tasirin ofishin jakadanci ake yi, maganinsa a bayyane yake: laburare ya shirya bikin da kuɗinsa, da mutanen unguwarsa. Wanda ya yanke kasafin bikin shi ne ya bar wa jakada fili.

Masu adon yini guda

Saura rukuni na huɗu, kuma su ne suka fi buƙatar a faɗa musu gaskiya, domin suna zaton sun gama aiki. Ana gane su da alamomi.

Alama ta farko ita ce littafin da suke karanta wa yara. Shekara da shekaru, littattafai biyu ne suka mamaye sa'ar tatsuniya idan an zo batun Sin. Ɗaya shi ne The Five Chinese Brothers na 1938, wanda aka zana mutanensa da launin rawaya da fuskoki iri ɗaya. Ɗayan shi ne Tikki Tikki Tembo na 1968, wanda ya ƙaga wani dogon suna marar ma'ana ya ce al'adar Sinawa ce. Ba Basine ne ya rubuta ko ɗaya ba. Yanzu babu uzuri, domin akwai Laurence Yep, wanda littafinsa Dragonwings na 1975 ya ba da labarin yaro Basine a San Francisco, akwai Grace Lin da littattafanta na yara kan sabuwar shekara da bikin wata, da wasu da dama. Ɗora tsohon izgili a gaban yaro ranar bikinsa ya fi rashin bikin muni.

Alama ta biyu ita ce cuɗa kowa a ƙwarya ɗaya. 'Yan Koriya na da Seollal, 'yan Vietnam na da Tet, galibi a rana ɗaya da ta Sinawa, amma kowa da abincinsa da tufafinsa. A 2023, da Sinawa suka shiga shekarar zomo, 'yan Vietnam ta kyanwa suka shiga. A cikin Sinawan kansu, tsofaffin iyalan San Francisco Kantonanci ko yaren Taishan suke ji, masu zuwa daga baya Mandarin, yayin da titin East Broadway na New York ya cika da mutanen Fuzhou. Rubutu ma iri biyu ne: sauƙaƙƙen da babban yankin Sin ya ɗauka daga 1956, da na asali da Taiwan da Hong Kong suka riƙe. Laburaren da bai san wane ne a unguwarsa ba zai buga sanarwa da rubutun da rabin masu bikin ba su saba da shi ba.

Alama ta uku, wadda ta fi kowace, ita ce abin da ya rage bayan an kwance fitilu. Shin akwai littattafan Sinanci a kan kanta, sababbi, waɗanda aka saya da kuɗin kasafi, ba tarkacen da wani ya kwaso daga ɗakin ajiyarsa ba? Shin ana iya nemansu a kwamfutar laburare da haruffansu? Shin akwai ma'aikaci a bakin tebur da zai amsa wa kakar nan da harshenta ranar Talata da safe? Reshen laburaren San Francisco da ke titin Powell, a gefen unguwar Sinawa, an buɗe shi a 1921 da kuɗin Carnegie, amma sai a farkon shekarun 1970 ya samu shugaba mai jin Sinanci, wato Judy Yung. Kimanin shekara hamsin ke nan ginin na tsaye kusa da mutanen da ba ya iya yi wa magana. Ita ce daga baya ta jagoranci reshen Asiya na laburaren Oakland. A New York kuwa, laburaren gundumar Queens ya kafa shirin kula da sababbin Amurkawa tun 1977, yana sayen littattafai da harsunan mazauna, kuma reshensa na Flushing ya zama ɗaya daga cikin mafi cunkoso a faɗin ƙasar. Mutane na zuwa inda aka tanadar musu abin karantawa.

Wannan na da muhimmanci saboda harshe na mutuwa da sauri a ƙasar baƙunci. Masu nazarin harsuna sun daɗe da lura cewa a Amurka kakanni kan zo da harshensu, 'ya'ya su haɗa biyu, jikoki su tashi da Turanci kaɗai. Fitilar takarda ba ta tsayar da wannan. Littafin yara mai harsuna biyu da jika zai ara ya kai wa kakarsa ta karanta masa yana iya rage gudunsa.

Haka kuma al'adar mutane ba ranakun farin cikinsu kaɗai ba ce. Daga 1910 zuwa 1940 an riƙa tsare Sinawa masu neman shiga ƙasar a tsibirin Angel, a mashigin ruwan San Francisco, wasu makonni, wasu watanni, suna amsa tambayoyin ƙwaƙwaf. Da yawa sun sassaƙa waƙoƙi a jikin bangon katako. A 1980 Judy Yung da Genny Lim da Him Mark Lai suka tattara waƙoƙin suka fassara su a littafi. Lai injiniya ne da ya koya wa kansa aikin tarihi, ya kwashe rayuwarsa yana tattara jaridu da takardun Sinawan Amurka, kuma bayan rasuwarsa a 2009 aka ƙara sunansa a kan reshen titin Powell. Laburaren da ke gayyatar zaki a Fabrairu, ya kamata littafin nan ya kasance a kantarsa, kuma ya kamata ya san abin da ya faru ranar 6 ga Mayu.

Saboda haka hukumomin da ke kula da ɗakunan karatu su daina muhawara kan ko za a yi bikin. A yi shi, a kuma yi Duanwu da na tsakiyar kaka a inda mazauna ke so. Muhawarar da ta dace ta kasafi ce: nawa aka ware don sayen littattafan Sinanci a bana, da wane rubutu, ma'aikata nawa ne ke jin Kantonanci ko Mandarin, kuma su wa aka zauna da su daga unguwa kafin a tsara taron. Iyayen Mamie Tape ba su je kotu neman yini guda a makaranta ba, kujera suka nema wa 'yarsu ta dukan shekara, kuma jikokin zamaninsu da ke biyan haraji a Flushing da Oakland ba su cancanci ƙasa da haka daga laburare ba.